Karatu, zama a gidan iyali da sanin makamar aiki a Ireland: abin da ɗalibin Amurka zai duba kafin ya biya

Tambaya: Wata uwa da ke zaune a jihar Maryland ta rubuto cewa 'yarta, wadda aka haifa a Amurka kuma take shekara ta biyu a jami'a tana karanta injiniyancin kayan asibiti, ta kawo mata takardar wani shiri da ya haɗa abu uku: zangon karatu ɗaya a Ireland, zama a gidan wani iyali na can, da sanin makamar aiki a kamfani. Tana son ta san ko shirin na gaskiya ne, yadda ake biyansa, da kuma ko yayan yarinyar, wanda aka haifa a Kano yake riƙe da fasfon Najeriya da girin kad (katin izinin zama a Amurka), shi ma zai iya bin wannan hanya.

Amsa: Hajiya, in dai ta ofishin kula da karatun ƙetare na jami'arta takardar ta fito, babu dalilin zargin shirin, domin Ireland ta daɗe tana cikin ƙasashe goma da ɗaliban Amurka suka fi zuwa. Da Turanci ake koyarwa a can, kuma tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020, Ireland da Malta ne kawai suka rage a tarayyar da Turanci yake harshen hukuma. Ga kuma tsohuwar alaƙa ta jini: Amurkawa sama da miliyan 30 suna danganta asalinsu da tsibirin, da yawansu jikokin waɗanda yunwar 1845 zuwa 1852 ta kora ne, lokacin da cutar dankali ta hallaka kusan mutum miliyan ɗaya ta kuma tura wani miliyan ɗin ƙetare. Wannan ne ya sa jami'o'i irin su Notre Dame da Boston College suke da gidajensu na kansu a Dublin.

Sai dai abin da nake so ki riƙe shi ne, takardar ta ɗaure abubuwa uku a kan farashi ɗaya, amma hukumar shige da fice ta Ireland ba ta kallon su a matsayin abu ɗaya. Kowanne da dokarsa, kuma abu biyu ne suke yanke hukunci a kansu: fasfon da ɗalibi ya shiga da shi, da yawan kwanakin da zai yi.

'Yarki, da yake fasfon Amurka gare ta, ba ta buƙatar biza. Za ta sauka a filin jirgin Dublin ko na Shannon ta nuna wa jami'i takardar karɓa daga jami'ar Ireland, da shaidar biyan kuɗin makaranta, da inshorar lafiya, da shaidar cewa tana da abin da za ta ci, shi kuma ya buga mata izinin da bai wuce kwana 90 ba. To zangon karatu a can yakan fara a Satumba ya ƙare a Disamba, ko ya fara a Janairu ya ƙare a Mayu, kuma kowanne ya haura kwana 90. Saboda haka dole ta yi rajista da hukumar, wadda babban ofishinta yake Burgh Quay a tsakiyar Dublin, ta biya Yuro 300 a ba ta katin zama da ake kira IRP. A jikin katin akwai hatimin da ke faɗin abin da aka yarje mata. Wanda ya je zango ɗaya yawanci Stamp 2A ake ba shi, kuma wannan hatimin bai halatta aikin albashi ba ko na awa ɗaya. Wanda ya yi rajistar cikakkiyar shekara a kwas ɗin da gwamnati ta amince da shi, shi ne yake samun Stamp 2, wanda ke ba shi damar aikin awa 20 a mako lokacin karatu da awa 40 a lokacin hutu, wato daga Yuni zuwa Satumba da kuma daga 15 ga Disamba zuwa 15 ga Janairu. Iyaye da yawa suna yin lissafi a kan cewa yaro zai riƙa ɗan aikin shago ko gidan abinci yana rage musu kuɗin haya, sai bayan ya isa su tarar hatiminsa bai ba shi dama ba.

Game da karatun kansa, hanyoyin shiga uku ne, kuma a nan ne farashi yake bambanta. Akwai musayar ɗalibai, inda za ta ci gaba da biyan jami'arta ta Amurka kuɗin da ta saba biya, ta je ta zauna a gurbin wani ɗalibin Ireland da ya taho Amurka. Akwai shiga kai tsaye, inda za ta nemi gurbi da kanta a Trinity College Dublin, wadda aka kafa a 1592, ko University College Dublin, ko jami'o'in Cork da Galway da Limerick da Maynooth, ta biya su kuɗin ɗalibin waje. Sannan akwai ƙungiyoyin da ke shiga tsakani irin su CIEE da IES Abroad da IFSA da Arcadia, waɗanda suke karɓar kuɗi dunƙule su nemo gurbi da masauki da inshora, su tarbi ɗalibi, su kai shi yawon buɗe ido. Daga yadda kika kwatanta takardar, nata irin na ukun ne. Shi ya fi tsada, amma shi ya fi sauƙi ga wanda bai taɓa fita shi kaɗai ba. Tambayar da za ku yi musu ke da Alhaji ita ce: a ina za a yi laccar? Wasu shirye-shiryen a cibiyarsu suke koyarwa, Amurkawa zalla a aji, malami kawai ne ɗan ƙasa, kuma wanda ya yi haka ya je Ireland ne amma da Amurkawa ya zauna.

Kafin a biya ko sisi, ta ɗauki jerin kwasa-kwasan da za ta yi ta kai wa shugaban sashenta ya sa hannu cewa za a lissafa mata su. A Ireland ana auna nauyin karatu da ma'aunin Turai na ECTS, maki 30 a zango, wanda yawancin jami'o'in Amurka suke ɗauka daidai da kiredit 15. Ga ɗalibin tarihi ko adabi wannan ba ya wahala, amma injiniyanci kwasa-kwasansa a jere suke, wani sai an ci shi ake shiga wani, kuma in ɗaya ya faɗi ƙasa tana iya ƙara zango guda kafin ta gama, wanda ya fi kuɗin tafiyar kanta tsada. Ki kuma shirya ganin sakamakon da zai ba ki tsoro a karon farko. A can 40 ne makin cin jarrabawa, daga 70 kuma ake shiga matakin daraja mafi girma, don haka in ta kawo 65 ta yi ƙoƙari ƙwarai, kuma jami'arta tana da jadawalin da take juya makin da shi. Abin da ya fi ba ɗaliban Amurka wahala shi ne babu yawan gwaje-gwajen mako-mako da suka saba da su. Sau da yawa jarrabawa ɗaya ko rubutu ɗaya a ƙarshen zango ne yake ɗauke da mafi yawan makin, kuma babu mai bin mutum yana tuna masa.

Ta fuskar kuɗi, tallafin gwamnatin tarayyar Amurka da take samu yanzu, har da Pell Grant, wato tallafin ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, in tana karɓa, yana iya bin ta muddin jami'arta ta amince da shirin. Tallafin cikin gida na jami'ar ne wani lokaci ba ya bin ɗalibi zuwa shirin wata ƙungiya, don haka a tambayi ofishin tallafi a rubuce. In tana karɓar Pell, ta nemi tallafin Gilman na ma'aikatar harkokin wajen Amurka, wanda ke kaiwa dala 5,000, kuma an yi shi ne domin irin ɗaliban da ba su saba samun damar fita ba.

Yanzu maganar masauki, wadda a ganina ita ce za ta nuna ko tafiyar ta yi amfani. Ireland tana fama da ƙarancin gidaje shekaru da yawa, kuma ɗaki ɗaya a gidajen ɗalibai na 'yan kasuwa a Dublin yakan haura Yuro 1,000 a wata. Don rage matsalar, gwamnati ta yafe haraji a kan kuɗin da bai wuce Yuro 14,000 a shekara ba ga duk wanda ya ba da hayar ɗaki a cikin gidan da shi ma yake zaune. Wannan ya sa iyalai da yawa, musamman dattawan da 'ya'yansu suka tashi, suke karɓar ɗalibai, tsarin da suke kira digs. Amma akwai bambanci tsakanin iyalin da wata ƙungiya ta tantance, ta ziyarci gidansu, take kuma da wakilin da za a kai wa ƙara, da mai gidan da aka samo a intanet. A doka, wanda yake zaune gida ɗaya da mai gida ba cikakken ɗan haya ba ne, hukumar sasanta rikicin haya ba ta da hurumi a kansa, kuma ana iya sallamarsa da ɗan gajeren wa'adi. Sannan yawancin irin waɗannan ɗakunan na kwana biyar ne, daga daren Lahadi zuwa safiyar Juma'a, saboda ɗaliban ƙasar gida suke komawa duk ƙarshen mako. Na taɓa fama da batun wani ɗalibi da ya yi murnar samun ɗaki mai araha a Cork, bai karanta wannan sharaɗin ba, ranar Juma'a ta farko uwar gidan ta tambaye shi cikin fara'a ƙarfe nawa motarsa za ta tashi. Kada kuma a tura kafin alƙalami ga wanda ba a ga ɗakinsa ba, domin kowane Agusta 'yan sandan ƙasar suna gargaɗi a kan masu damfarar ɗalibai da hotunan gidajen da ba nasu ba.

Duk da haka ina goyon bayan zama da iyali, in an tantance su, saboda dalilin nan na komawa gida ƙarshen mako. Ɗalibin da yake gidan ɗalibai zai tarar ranar Asabar babu kowa a benen sai baƙi irinsa, daga nan sai a shiga sayen tikitin jirgin saman Ryanair mai araha, yau Paris gobe Barcelona, a gama zango ba a san garin da aka zauna ba. Wadda take gidan iyali kuwa za a tafi da ita kallon hurling, wasan gargajiyarsu na sanda da ƙwallo, na ƙungiyar unguwa, ta ga yadda ƙauye guda yake fitowa saboda 'yan wasan da ba a biyan su ko kwabo, ta zauna cin abincin Lahadi da kakanni, ta ji yadda ake magana in babu baƙo a kusa. Kada ki yi mamaki in wata tsohuwa ta ji an ce Kano ta ce ai gwaggonta ta koyar a can: 'yan mishan na Ireland sun daɗe a Arewa, kuma sistocin St Louis, mata 'yan mishan, da suka isa Kano a 1948 daga Ireland suka fito.

Amma zaman gidan wani yana da ka'idojinsa, kuma ƙananan abubuwa ne suke ɓata shi. Wuta da gas suna da tsada, don haka ɗumama gida yana da sa'o'insa, ruwan zafi ma a gidaje da yawa sai an kunna wani maɓalli an jira, kuma wanda ya manta bai kashe ba zai ga fuskar mai gida ta sauya ko da bai ce komai ba. Abincin dare wajen ƙarfe shida ne, in ba za ta dawo ba ta aika saƙo. Kasancewarta Musulma, a rubuta a fom tun farko cewa ba ta cin alade, a kuma yi bayani dalla-dalla, domin karin kumallon gargajiya na can naman alade ne da tsiran alade da wani baƙin tsire da ake yi da jini, kuma uwar gida mai kyakkyawar niyya tana iya cire naman ta soya ƙwai a cikin man da ya bari. A tambaya ko akwai kare a gidan, domin a can cikin ɗaki yake kwana. Ta tafi da butarta, ta kuma saba goge ƙasan banɗaki bayan alwala, saboda ba a yi shi don a jiƙa ba. Na ga irin waɗannan sun fi kawo saɓani fiye da addinin kansa, wanda yawancin iyalai suke girmamawa in an faɗa musu a fili.

Ƙidayar 2022 ta nuna Musulmi sun haura 81,000 cikin mutum miliyan 5.1 na jamhuriyar. A Dublin akwai tsohon masallacin South Circular Road da shagunan naman halal a kewayensa, akwai kuma masallatai a Cork da Galway da Limerick. Ƙasar tana arewa sosai, rana takan kai awa 17 a Yuni ta ragu zuwa ƙasa da awa 8 a Disamba, amma a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, lokacin da yinin bai yi tsawo ba. Shekarar shan giya a can 18 ce, ba 21 ba kamar Amurka, kuma mashaya ita ce dandalin hirar jama'a, har taron ƙungiyoyin ɗalibai a can ake ƙarasa shi. Gara ku yi wannan maganar da ita a gida kafin ta tafi. Batun launin fata ma ba zan ɓoye miki ba: akwai 'yan Najeriya da yawa da suka kafu a ƙasar tun ƙarshen shekarun 1990, har ɗaya daga cikinsu, Rotimi Adebari, ya zama magajin garin Portlaoise a 2007, amma ƙyamar baƙi ta ƙaru a bayan nan, kuma tarzomar Dublin ta Nuwamba 2023 ta nuna hakan. Yarinya mai hijabi za ta yi zamanta lafiya a jami'a, sai dai ta kiyaye tsakiyar birni da tsakar dare kamar yadda za ta yi a Baltimore.

Sanin makamar aiki shi ne ɓangaren da aka fi ƙawata wa a takarda. Gaskiya ne manyan kamfanoni suna can, saboda harajin kamfani na kashi 12.5 da ya daɗe yana jawo su: Google da Meta a Dublin, Apple a Cork tun 1980, Intel a Leixlip, Pfizer kusa da Cork, sai Medtronic da Boston Scientific a Galway. Amma waɗannan suna ɗaukar masu koyon aiki ne ta hanyarsu, da gasa mai zafi, kuma sun fi ɗaukar ɗaliban jami'o'in ƙasar da ake tura musu na wata shida ko fiye, tsarin da Jami'ar Limerick ta yi suna a kansa. Abin da shirin zango ɗaya yake samarwa yawanci gurbi ne a ƙaramin kamfani ko ƙungiyar agaji ko ɗakin bincike, kwana biyu a mako, ba albashi, ana lissafa shi a matsayin kwas. Wannan ba abin rainawa ba ne, domin a ƙaramin wuri an fi ba ɗalibi aiki na gaske, amma a san shi aka saya. A nemi shirin ya faɗa a rubuce cewa aikin ɓangare ne na karatu, wane izini ne ya rufe shi, da kuma sunayen wuraren da suka tura ɗaliban injiniyanci a bara.

In aikin albashi take so, hanya mafi tsabta ita ce yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2008, wadda ake kira Working Holiday Authorisation. Tana ba ɗan Amurka da yake jami'a, ko wanda bai wuce wata 12 da gamawa ba, damar zama da aiki a Ireland har shekara guda, kuma ana nema ne a ofishin jakadancin Ireland da ke Washington ko ƙananan ofisoshinsa tun kafin a tashi. Mafi ƙarancin albashi a 2025 Yuro 13.50 ne a awa. Da ni ce mai ba ta shawara a ofis, da na ce ta raba abin biyu: ta yi zangon karatu a Jami'ar Galway, inda fanninta yake da ƙarfi kuma masana'antar kayan asibiti take bakin ƙofa, ta zauna da iyali, ta san malamai, sannan bayan ta gama digiri ta koma da wannan izinin ta nemi aiki da mutanen da suka riga suka san ta. Galway ma tana da ƙarancin ɗakuna, don haka a fara neman masauki da zarar takardar karɓa ta fito.

Shi kuwa yayanta, lissafinsa daban ne gaba ɗaya, domin girin kad izinin zama a Amurka ne, Ireland fasfo take dubawa. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, ta gajeren zama in bai wuce kwana 90 ba, ta dogon zama in ya wuce, kuma a ba ta watanni kafin ranar tafiya. Ba zai samu Gilman ba ko da yana karɓar Pell, ba zai samu izinin aikin 2008 ba, saboda duka biyun na 'yan ƙasa ne. Ireland ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya take shiga dukkansu, don haka in abokansa za su Faransa ko Jamus shi sai ya nemi wata bizar. Abin da ya fi haɗari shi ne Belfast, babban birnin arewacin tsibirin. Tun 1921 tsibirin a rabe yake, gundumomi shida na arewa suna ƙarƙashin Birtaniya, kuma yau babu shinge ko jami'i a kan iyakar, motar haya tana wucewa ba tare da an lura ba. Shirye-shirye da yawa suna kai ɗalibai can yawon kwana ɗaya, amma mai fasfon Najeriya da ya tsallaka ba da bizar Birtaniya ba ya karya dokar shige da fice, kuma hakan na iya biyo shi a duk bizar da zai nema nan gaba.

Akwai kuma girin kad ɗin kansa. Rashin kasancewa a Amurka fiye da wata shida a jere yana jawo tambayoyi a wajen dawowa, yana kuma iya katse lissafin shekarun zaman da ake buƙata kafin neman zama ɗan ƙasa, wanda ya wuce shekara kuwa sai da izinin sake shiga da aka nema tun kafin fita. Saboda haka cikakkiyar shekara a Ireland ba tasa ba ce a yanzu. Shirin bazara na mako shida zuwa takwas, ko zango ɗaya da zai dawo kafin wata shida su cika, zai iya, bayan ya tuntuɓi lauyan shige da fice. In kuma ya kusa cika shekara biyar da karɓar katin, ya fara neman fasfon Amurka tukuna, sannan ya yi maganar Ireland.